Gabatar da Ilimin Kimiyyar Kwamfuta ga Sababbin Ɗaliban Injiniya: Da Me Za a Fara?

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a duba abin da ya kamata ɗalibin injiniya ya fara ji game da ilimin kimiyyar kwamfuta a zangonsa na farko, ko a jami'a ko a kwalejin kimiyya da fasaha. Tambayar ba sabuwa ba ce, amma ɗaliban da ake yi dominsu sun sake. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga manyan makarantu kacokan kan kwamfuta, saboda haka duk wanda ya shigo ta wannan ƙofa ya riga ya zauna gaban na'urar, kuma galibinsu suna tafe da waya a aljihu wadda ita ma kwamfuta ce. Duk da haka, har yanzu akan sami malami ya cinye makonni yana nuna wa ɗalibai allo da madannai, yana sa su haddace sunayen sassan na'ura. A ganina wannan ɓarnar zango ce. Sarrafa na'ura daban, ilimin kimiyyar kwamfuta daban, kamar yadda tuƙin mota ya bambanta da ilimin ƙera inji.

Abin da wannan fanni ke nazari shi ne hanyoyin warware matsala mataki-mataki: yadda ake tsara su, da yawan aikin da suke ci, da kuma inda iyakarsu take. Waɗannan su ne ya kamata a fara da su, domin kuwa injiniya zai wayi gari yana sa hannu a kan lissafin gada ko na madatsar ruwa wanda na'ura ta fitar masa, kuma alhakin yana wuyansa.

Tsarin matakai ya girmi na'ura

Kalmar da masana ke kiran tsarin matakai da ita, watau algoridim, ta samo asali ne daga sunan Muhammad bin Musa al-Khwarizmi, masanin lissafi da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. Littafinsa na aljabara, wanda ya rubuta wajen shekarar 820, wani babban ɓangarensa ya tafi ne kan lissafin wasiyya da rabon gado. Wannan abu ne da ɗalibanmu da dama suka sani tun daga makarantar zaure: a fitar da bashi, a fitar da wasiyya, a ba masu rabo ƙayyadadde nasu, sannan a duba abin da ya rage. Idan aka sauya jerin, sakamako ya sauya. To, wannan shi ne tsarin matakai, ko da ba a taɓa kiransa da wannan suna ba. Haka kuma Muhammad bin Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu da Larabci a 1732 kan hanyoyin cika hatimi mai gidaje mara, yadda jimlar kowane layi za ta zo daidai da ta ɗan'uwansa.

Ba don alfahari kawai nake kawo waɗannan sunaye ba. Hatimin kansa darasi ne mai kyau ƙwarai. A sa ɗalibi ya cika mai gida uku-uku da lambobi 1 zuwa 9 har kowane layi ya ba da 15, sannan a ce ya rubuta matakan da ya bi, a miƙa wa wani ɗalibin ya bi su ido rufe a kan mai gida biyar-biyar, inda ake son kowane layi ya ba da 65. Nan take za a ga inda marubucin ya ce "sai ka sa lambar a inda ya dace", alhali bai faɗi inda ya dace ɗin ba. Mutum yana iya cike irin wannan giɓi da hankalinsa. Na'ura ba ta iyawa, kuma wannan shi ne darasin farko.

Misali na biyu ya fi kusa da sana'arsu. A ce akwai farantin ƙarfe mai tsawon santimita 252 da faɗin 198, ana so a yanka shi murabba'ai masu girma ɗaya, mafi girman da zai yiwu, ba tare da ragowa ba. Hanyar da Yuklid, masanin nan na Girka, ya rubuta fiye da shekara 2,000 da suka wuce ita ce a raba babbar lamba da ƙaramar, a riƙe saura, sannan a raba ƙaramar da sauran, a yi ta yi har saura ta zama sifiri. 252 a raba da 198, saura 54. 198 a raba da 54, saura 36. 54 a raba da 36, saura 18. 36 a raba da 18, babu saura. Amsa ita ce santimita 18. A cikin wannan ɗan aiki akwai maimaitawa, akwai sharaɗin tsayawa, akwai kuma tambayar da ta fi kowace daraja: me ya tabbatar mana cewa aikin zai tsaya ko wace lamba aka ba shi? Ɗalibin da ya lura cewa saura kullum raguwa take yi, kuma ba ta iya sauka ƙasa da sifiri, ya yi hujjarsa ta farko a wannan fanni. Duk wannan da alli da allo ake yin sa, don haka ɗauke wuta ko ƙarancin na'urori ba uzuri ba ne a makonnin farko.

Daga tunani zuwa waya

Ba na ganin akwai bukatar dogon tarihi, amma akwai wani haɗi guda da bai kamata ɗalibin injiniya ya rasa ba. A 1854 George Boole, masanin lissafi ɗan Ingila, ya buga littafi kan lissafin gaskiya da ƙarya. A 1937 Claude Shannon, yana ɗalibin digiri na biyu a Amurka, ya nuna cewa makunnan lantarki suna bin wannan lissafi sak: makunni biyu a jere suna yin aikin "da", biyu a gefen juna suna yin aikin "ko". Da batir da ƙwan fitila da makunni biyu ana nuna wannan cikin minti goma. Shekara guda kafin haka, a 1936, Alan Turing ya riga ya tabbatar a takarda cewa akwai tambayoyin da babu wani tsarin matakai da zai iya amsa su a kowane hali, tun ba a ƙera kwamfutar lantarki ko ɗaya ba. Sashen kimiyyar kwamfuta na farko a Amurka kuwa sai a 1962 aka buɗe shi a Jami'ar Purdue. Watau tunanin ya riga na'ura, na'ura kuma ta riga sashe.

Yawan aiki

Ɗalibai sukan ɗauka cewa tunda na'ura na da sauri, ko wace hanya aka bi daidai ne. Lambobi kaɗan sun isa su kawar da wannan zato. Idan ana neman suna ɗaya cikin jerin sunaye 1,000,000 ana dubawa ɗaya bayan ɗaya, ana iya duba dukkansu kafin a dace. Idan kuwa jerin yana bisa tsarin abacada, a buɗe tsakiya, a watsar da rabin da sunan ba ya ciki, a sake; dubawa 20 ta wadatar. Akwai kuma akasin haka. Motar da za ta zaga garuruwa 20 ta komo gida, idan aka ce sai an gwada kowace hanya kafin a zaɓi mafi gajarta, na'urar da ke gwada hanya biliyan ɗaya a daƙiƙa za ta yi kusan shekara biyu tana aiki. A ƙara garuruwa biyar kacal, aikin ya doshi shekara miliyan goma. Sayen sabuwar na'ura ba ya maganin wannan.

Lambar na'ura tana da iyaka

Wannan shi ne ɓangaren da nake ganin an fi sakaci da shi, alhali shi ya fi shafar injiniya. Ɗalibi ya fito daga ajin lissafi inda lamba ba ta da iyaka, ya shiga na'ura inda kowace lamba ke zaune cikin ƙayyadaddun gurabe, kowane gurbi yana ɗaukar 0 ko 1. Gurabe 16, idan an ware wa lambobi masu ƙasa da sifiri rabonsu, ba sa ɗaukar abin da ya wuce 32,767. Bugu da ƙari, kamar yadda kashi ɗaya bisa uku ba ya ƙarewa a ƙidayarmu ta goma-goma, sai dai 0.333 har abada, haka kashi ɗaya bisa goma ba ya ƙarewa a ƙidayar biyu-biyu. Dole na'ura ta datse shi. Duk wanda ya umarci harshen Python ya tara 0.1 da 0.2 zai ga 0.30000000000000004. Ɗalibai sukan yi dariya idan sun ga wannan, kuma a daidai lokacin dariyar ne ya kamata malami ya ba su labarai biyu.

Ranar 25 ga Fabrairu, 1991, a Dahran ta ƙasar Saudiyya, na'urar kakkaɓo makamai mai suna Patriot ta kasa tare wani makami mai linzami, ya faɗa kan masaukin sojojin Amurka, mutum 28 suka mutu. Agogon na'urar yana ƙirga lokaci ne da kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, an kuma ajiye wannan kashi a datse cikin gurabe 24. Kuskuren ƙanƙane ne ainun, amma na'urar ta yi kimanin awa 100 a kunne, sai ya taru ya kai wajen sulusin daƙiƙa. A cikin sulusin daƙiƙa irin wannan makami yana tafiyar fiye da rabin kilomita. Na'urar ta duba inda ba ya nan.

Na biyu ya faru ranar 4 ga Yuni, 1996, lokacin da rokar Turai mai suna Ariane 5 ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 bayan tashinta na farko. An ɗauko umarnin da ya yi aiki lafiya a kan Ariane 4 aka ɗora mata, ita kuwa sabuwar ta fi tsohuwar gudu a kwance. Wata lamba da ke cikin gurabe 64 aka nemi a zuba ta cikin gurabe 16, ba ta shiga ba, na'urar da ke auna tafiyar rokar ta tsaya. Akwai ta biyu da aka tanada don ko-ta-kwana, amma umarni ɗaya suke bi, saboda haka ita ma ta tsaya bisa dalili guda. Injiniyoyi sun saba da ajiye abu biyu don in ɗaya ya karye ɗayan ya riƙe, kuma wannan dabara ce mai kyau ga ƙarfe da ke gajiya. Kuskuren umarni ba gajiya ba ne. In an kwafe shi sau biyu, sau biyu zai faru. Ban san wani darasi da ya fi wannan nuna wa ɗalibi bambancin fannin nan da sauran fannonin injiniya ba.

Batun harshe

Wasu daga cikin malamai za su ce, to, yaushe za a koyi rubuta umarni? Amsa ita ce tun mako na uku ko na huɗu, amma a matsayin hanyar gwada tunanin da aka riga aka yi a takarda. Gardamar wane harshe za a zaɓa ba ta kai yadda ake kambama ta ba. FORTRAN, wanda kamfanin IBM ya fitar a 1957 domin masu lissafin kimiyya da injiniya, ya yi wa tsararraki hidima. Python, wanda ya fito a 1991, ya fi sauƙin karantawa ga mai fara koyo, shi nake fifitawa. Wanda ya fahimci maimaitawa da sharaɗi a harshe ɗaya zai kama na biyu cikin 'yan makonni.

Akwai kuma abin da ba za mu kau da kai daga gare shi ba. Tun ƙarshen 2022, da fitowar ChatGPT da makamantansa, ɗalibi na iya sa na'ura ta rubuta masa aikin gida cikin ƙiftawar ido. Saboda haka tambayar da ke cewa "rubuta umarnin da zai yi kaza" ta rage daraja wajen auna fahimta, sai fa in a gaban malami za a amsa ta. Wadda ta fi ita ce a ba ɗalibi umarni gajere da ke aiki daidai a kan misalai uku, a ce ya nemo lambar da za ta karya shi, ya kuma faɗi dalili: ko sifiri da za a raba da shi, ko lambar da ta fi gurbinta girma, ko ɗan datsi da ake ta tarawa sau miliyan. Wannan zai bukaci mu malaman kwalejojin ilimi, da ke horar da masu koyar da fasaha, mu fara sake tambayoyin jarrabawarmu, kuma irin waɗannan sun fi wuyar shiryawa da gyarawa, musamman a aji mai ɗalibai da yawa.