Kafin Kuɗin Albasa Su Zama Babur: Nasiha Ga Samarin Gumbin Kure

Da zarar an kwashe albasa daga fadama, manyan motoci sun fara lodi a Aliero zuwa Legas da Anaca da Fatakwal, to sai wata kasuwa ta buɗe a zukatan samarinmu, wato kasuwar babur. Daga Gumbin Kure zuwa Maiyama, daga Jega zuwa ƙauyukan da ke kewaye da ita, da wuya ka zauna a majalisar matasa ba ka ji ana lissafin buhu nawa zai sayi mashin ba. Wannan ne ya sa na ga ya dace in ari wannan fili in yi magana da wanda zai sayi babur ɗinsa na farko, musamman wanda bai taɓa riƙe kan babur da hannunsa ba sai dai a goya shi.

Tun farko ina so mai karatu ya fahimci cewa ba na cikin masu ganin babur a matsayin kayan alfahari. A ƙauye irin namu shi ne jakin zamani. Shi ke kai taki gona, shi ke ɗauko mai daga gari don injin ban ruwa, shi ke garzayawa da mai naƙuda asibiti cikin dare a hanyar da mota ba ta shiga. Tun da aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero cikin 2006, ga ɗalibai da ma'aikata su ma sun ƙara wa 'yan kabu-kabu kasuwa. Saboda haka burin saurayi na mallakar babur buri ne na mai hankali. Abin dubawa shi ne yadda zai cika burin ba tare da ya yi asarar gumin shekara ba, ko kuma ƙafarsa.

Dattawa za su tuna lokacin da kuɗin Udoji suka fito a tsakiyar shekarun 1970, ma'aikata suka cika tituna da Honda da Suzuki da Yamaha da Vespa. Daga baya, a shekarun 2000, Jincheng ɗan ƙasar Sin ya zo da araha har talaka ya samu ya hau. Bayansa kuma Bajaj Boxer da TVS na ƙasar Indiya suka mamaye karkara. A wancan zamani, har zuwa ƙarshen 2011, litar fetur naira 65 ce. Amma tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar naira kuma ta faɗi, lissafi ya sauya baki ɗaya. A cikin 2024 sabon Boxer ya haura naira miliyan guda, litar fetur kuma ta wuce naira 1,000. Wato abin da a da ake saya da rarar kaka, ya koma abin da gida guda ke haɗa ƙarfi kafin a same shi. Kayan da ya kai wannan daraja kuwa bai kamata a saye shi da gaggawa ba.

Tambaya ta farko da mai saye zai yi wa kansa ita ce, me zan yi da shi? Wanda zai riƙa ɗaukar buhu a kan burji da yashi, buƙatarsa ta sha bamban da ta malamin makaranta da ke bin kwalta. A nawa ganin, ɗan koyo ya tsaya a ƙaramin inji mai ƙarfin 100 zuwa 125, wanda ba ya shan mai da yawa, kuma idan ya zauna a kai ƙafafunsa biyu suna taka ƙasa sosai. Kafin ya je shago, ya fara zuwa wurin bakaniken garinsu ya tambaye shi wane babur ne kayan gyaransa ke samuwa a Jega ba sai an aika Sakkwato ko Kano ba. Babur mai kyau da babu kayansa a kusa, ranar da ya lalace ya zama turken ɗaure akuya.

Sai batun sabo ko na hannu. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado. Idan ƙarfinka bai kai na sabo ba, babu laifi a na hannu, amma da sharuɗɗa. Ka tafi da bakaniken da kai ka zaɓa, kada ka dogara da wanda dillali ya kawo. Ku nemi a tayar da injin da sanyinsa, domin injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye cutarsa. Idan hayaƙi mai launin shuɗi na fita ta bututun baya, injin yana cin baƙin mai ke nan, kuma aiki babba na jiranka. Ku duba haƙoran da sarƙa ke hawa, idan sun yi tsini sun cinye. Ku tsaya ta baya ku hango ko tayar gaba da ta baya suna kan layi ɗaya, domin babur ɗin da ya taɓa mummunan karo, ko an yi masa fenti, jikinsa ba ya miƙewa.

Abin da ya fi wannan duka muhimmanci shi ne takardu. Kowane babur yana da lambar inji da lambar jiki da aka buga a ƙarfensa. Ka karanta su da idonka, ka gwada da abin da ke rubuce a rasit, in ka ga alamar an kankare ko an sake bugawa, to ka kama gabanka komai araharsa. Mu da ke Arewa maso Yamma mun san yadda 'yan bindiga suka mayar da babur abin hawansu, har ta kai a 2021 jihohin Zamfara da Katsina suka kafa dokokin taƙaita zirga-zirgar babura da sayar da fetur a jarka. A irin wannan yanayi, saurayin da aka tare a shingen jami'an tsaro da babur marar asali, bayaninsa zai yi tsawo, kuma karɓar kayan sata laifi ne a doka. Don haka a yi ciniki a gaban shaidu, a rubuta, mai sayarwa ya sa hannu, mai unguwa ya sani.

Haka nan masu karɓar babur a hannun attajiri su riƙa biya kaɗan-kaɗan, ina ba su shawarar su zauna da alƙalami kafin su amsa. Nawa ne jimillar abin da za a biya? Idan rashin lafiya ta hana aiki mako biyu, yaya za a yi? Idan aka sace babur ɗin, asarar wa ce? Da yawan rigimar da ke kai 'yan uwa gaban alƙali, daga yarjejeniyar baka take farawa. Kuma wanda bashi ke kora a baya, shi ne ke gudun wuce sa'a don ya cika kuɗin ranar.

Kada kuma mai saye ya juye duk abin da ke aljihunsa a shago. Akwai kuɗin lamba da rajista, akwai lasisin tuƙa babur, wanda shi ne rukunin A, kuma doka ba ta ba wanda bai kai shekara 18 ba. Akwai inshorar da ke biyan wanda ka yi wa ɓarna. Akwai juyen baƙin mai na farko, wanda sabon inji ke buƙata da wuri domin fitar da ɓurɓushin ƙarfe, sannan ga wanke matatar iska a kai a kai lokacin hunturu, saboda ƙurar da ke shiga inji tana cinsa kamar yadda gara ke cin azara.

Yanzu sai babbar magana, wato koyo. Al'adarmu ita ce aboki ya zaga da kai filin makaranta sau uku, washegari ka hau babbar hanya. Alhali hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Jega ta nufi Koko da Yawuri hanya ce ta tirela da tanka, waɗanda direbobinsu ba sa iya tsayawa nan take, kuma sau da yawa ba sa ma ganin mai babur da ya maƙale a gefensu. Ɗan koyo ya daɗe a fili yana gwada tsayawa kafin ya gwada gudu. Ya koyi haɗa birkin gaba da na baya, ya san cewa damƙe birkin gaba a cikin yashi ko a kan kwana faɗuwa ce. Ya san cewa ruwan farko na damina yana mayar da kwalta kamar an zuba karkashi. Ya jinkirta ɗaukar fasinja da buhu har sai hannunsa ya faɗa, domin nauyi a baya yana sauya yadda babur ke juyawa da yadda yake tsayawa. In zai goya mace, ya tabbata ta tattare zane da hijabinta, shi ma ya naɗe babbar rigarsa, don sarƙa da taya ba su san girman tufa ba.

Mai karatu zai tuna abin da ya faru a watan Janairun 2009, lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1988, ta fara tilasta sanya hular kwano. Wasu suka kifa ƙwarya da roba a ka don su yi wa doka ba'a, aka yi dariya, aka watse. To amma rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗurran hanya kowace shekara, kuma hukumar ta ce hula mai inganci tana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da abin da ya kai kashi 74 cikin 100. Allah Ya albarkaci Aliero da masu ɗorin karaya da sunansu ya kai ko'ina a Nijeriya har da Nijar, kuma duk wanda ya leƙa zaurukansu ya san rabon babur a cikin majinyatan da ke kwance. Sai dai su kansu za su gaya maka cewa ana ɗora ƙafa, ana ɗora hannu, amma ba a ɗora kai.

Ga masu niyyar saye don su tafi birni kabu-kabu, su tuna an hana sana'ar a tsakiyar Abuja tun 2006, an hana goyo a birnin Kano a Janairun 2013, Legas ma ta haramta ta a ƙananan hukumomi shida a Yunin 2022. Kafin ka ɗora babur a kan tirela, ka bincika dokar inda za ka, kada a kwace maka shi a mako na farko.

A ƙarshe, ina kira ga iyaye da kada su miƙa makulli ga yaron da bai kai ba don kawai yana da tsawon ƙafa. Ina kuma kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama su haɗa kai da jami'an kiyaye haɗurra da ƙungiyoyin masu babura, a riƙa shirya horo na 'yan kwanaki a lokacin kakar albasa, tun da an san lokacin ne sababbin mahaya ke fitowa. Sauri dai ya haifi nawa. Allah Ya sa abin da za a saya ya zama abin neman halal, Ya tsare mu da sharrin ƙarfe, amin.