Gajiyar Da Ba Ta Noma Ba Ce

'Yan'uwa manoma, a zagayenmu na ƙauyuka mukan tarar da mata waɗanda gajiya ba ta sakinsu ko da rani. Ana zafi suna jin sanyi, jiki na ƙara nauyi, fata ta bushe. Akan ce ragwanci ne. Amma wani lokaci daga wata 'yar halitta ce a gaban wuya mai suna tayirod, wadda kan kumbura ta zama maƙoƙo. In aikinta ya raunana, duk jiki sai ya mutu.

Ido ba ya tabbatar da wannan, sai gwajin jini. Idan asibitin kusa ba ya yi, akwai ɗakunan gwaji na kuɗi a birni. Ku nemi gwajin TSH da T4. In TSH ya hau, T4 ya sauka, alama ke nan.

Kada ku sayi magani a kemis da kanku, ku kai wa likita takardar sakamakon. Ƙwaya ce akan sha kowace safiya, a sake gwaji bayan mako 6 zuwa 8. Mai ciki kada ta yi jinkiri, saboda ƙwaƙwalwar jariri.

Muna roƙon kowace ƙungiya ta ranta wa irin waɗannan mata kuɗin gwaji daga asusu. Lafiya uwar jiki.