Gidan Sassaƙa da Ɗakin Amarya a Ƙasar Maraɗi

A kasuwannin da ke kan babbar hanya daga Gidan Rumji zuwa Agiye da Gazawa, aikin itace yana da rumfa biyu. Can gefe masassaƙi ya jera turame da taɓare da kujerun mata da ƙotoci, nan bakin kwalta kuma kafinta yana goge gadon katako. Mutane sukan ɗauka na biyun ne ya zo ya kashe na farko. A ganina reshe biyu ne na gida ɗaya, kuma abin da ya riƙe gidan daga kaka zuwa jika shi ne ɗakin amarya da ke neman kaya, da itacen da ke tsaye a gona.

Sana'a a nan gado ce. Guy Nicolas, Bafaranshen da ya daɗe yana nazarin Hausawan kwarin Maraɗi, ya nuna a littafinsa na 1975 yadda dangi ke riƙe da aikin da ya gada, kamar ƙira da farauta, tare da sirrinsa. Haka sassaƙa take. Yaro ba ya fara riƙe gizago sai ya sha bin ubansa daji ya san itatuwa: ƙirya mai tauri ta turmi ce, ɗanya ta fi daɗin fafewa a yi akushi, aduwa kuma ta allo da ƙota. Yana koyon shanya gungume a inuwa don kada ya tsage. Wannan sani ba ya shiga kai a damina ɗaya, shi ya sa ya zauna a hannun gidaje.

Kasuwar kuwa aure ne ya kafa ta. Kayan ɗaki nauyin iyayen amarya ne, uwa takan fara tari tun 'yarta tana ƙarama, da adashi da kuɗin ƙuli-ƙuli, domin ranar jere idon mata ba ya yafiya. Gadon kara ya ba gadon ƙarfe wuri, shi ma katako mai fomika ya ture shi, amma turmi da taɓarya da kujera suna nan cikin kayan amaryar karkara. Ciniki yakan tashi da kaka, idan an sayar da gyaɗa da wake da aya. Uwa ta ba da kafin alƙalami tun da wuri, ta cika bayan girbi, ba takarda ba sa hannu. Irin wannan lamuni gidan da aka san asalinsa ake yi da shi, don haka ɗan masassaƙin da ya koma kafinta yakan shiga sabuwar sana'a da jarin da baƙo ba shi da shi.

Akwai masu cewa masassaƙa ne suka cinye daji, don haka gara sana'ar ta mutu. Gaskiya ne turmi ɗaya yana cin gindin babbar bishiya, amma zargin ya yi musu yawa. Fari na 1973 da na 1984, da faɗaɗa gonaki, da dokar da ta mai da itace na gwamnati tun zamanin Faransa, su ne suka fi yin ɓarna, domin manomin da ke tsoron tarar ma'aikatan gandun daji gara ya tuge tsiro tun yana ƙarami. Daga 1983, lokacin da Tony Rinaudo ya fara jan hankalin manoman Maraɗi su bar tohon kututture ya girma, lamarin ya juya. Ƙauyen Ɗan Saga na Agiye ya yi suna da kwamitin tsaron itatuwansa, dokar daji ta 2004 ta ƙara wa manomi ƙwarin gwiwa, har aka ƙiyasta itatuwa miliyan 200 sun dawo a hekta miliyan 5 na kudancin Nijar. Itacen da ke da mai shi ana cinikinsa, ana kuma rainon magajinsa. Sai dai yawancin abin da ya dawo gawo ne da kalgo da sabara, ƙirya kuwa ba ta saurin girma, kuma wannan shi ne abin da ya fi damuna game da makomar turmi.

Wasu kuma sun ce roba da injin niƙa sun riga sun gama da sana'ar. Sun rage mata kasuwa, babu musu, akushi ma ya kusa zama kayan tarihi. Amma kujerar roba ba ta jure ranar bazara, fura kuma har yau sai an kirɓa ta a turmi. Kafinta ne ma ya fi zama cikin fargaba, tunda katakonsa daga kudu yake zuwa ta Najeriya, kuma da aka rufe iyaka a 2019 da 2023 kayan aikin da ke bi ta can sun yi tsada. Gidan da ya haɗa gizago da zarto yana da inda zai jingina idan ɗayan ya tsaya, muddin akwai manomin da zai yarda ya bar ƙirya ta yi kauri a gonarsa.