Awa Nawa Ne Daga Kano Zuwa Jidda a Jirgin Sama?

Tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai tazarar kilomita kusan 3,400, idan aka auna a miƙe. Wannan layi yana ratsa samaniyar Chadi da Sudan, sannan ya tsallake Bahar Maliya. Babban jirgin fasinja kan yi gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa guda, don haka lissafin kan takarda yana ba da awa huɗu. A zahiri tafiyar takan kai awa huɗu da rabi zuwa biyar.

Ina ragowar lokacin ke shiga? Jirgi ba ya kama cikakken gudunsa sai ya hau sama, wajen kilomita goma ko fiye daga ƙasa, kuma tun da sauran tafiya yake rage gudu don sauka. Ga jiran izinin tashi, ga layin sauka idan filin ya cika, musamman a lokacin aikin Hajji. Iska ma tana da nata rabon. In tana bugowa daga baya sai ta rage tafiyar, in daga gaba ne ta ƙara ta.

Abin da ya fi sauya lissafi shi ne hanya. Matuƙi ba ya bin inda ya ga dama, akwai hanyoyin da aka shata a sama, kuma kowace ƙasa ita ke da iko da samaniyarta. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, an rufe samaniyar ƙasar, dole jiragen alhazan Najeriya suka riƙa zagaye. Tafiya ta ƙara tsawo, mai ya ƙaru, kuɗin jigila ma ya ƙaru.

Sai batun agogo, wanda ke rikita mutane da yawa. Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da awa biyu, kuma lokacin da ke kan tikiti na garin da abin zai faru ne. Jirgin da ya bar Kano da ƙarfe goma na safe, ya yi awa biyar, zai sauka Jidda da ƙarfe biyar na yamma agogon can. A dawowa kuwa, wanda ya bar Jidda da goma na safe zai iso Kano da ƙarfe ɗaya na rana. Tafiyar ɗaya ce, agogo ne ya bambanta.

Mai zuwa Umara ya kuma duba ko jirgin kai-tsaye ne. Wanda zai yada zango a Alƙahira ko Adis Ababa yakan fi araha a wasu lokuta, amma da zaman jira tafiyar tana iya cinye yini guda. Kafin ka biya, ka tambayi ejan awa nawa ne jimillar tafiyar, da tsawon zaman da za a yi a zango.