Wa'adin Duba Ayyukan Manyan Layukan Wutar Lantarki: Wa Ya Kamata Ya Ɗaure?

Gabatarwa

Kalmar wa'adi Larabci ce asalinta, amma ta daɗe da zama 'yar gida a bakin Bahaushe. Akwai wa'adin bashi, akwai wa'adin jinginar gona, har in mutum ya rasu akan ce wa'adinsa ne ya cika. A duk waɗannan wurare ma'anar ɗaya ce, watau rana sananniya wadda in ta zo ba sauran ɗagawa. A wannan ɗan rubutu za mu duba yadda wannan kalma ta shafi aikin jawo manyan layukan wutar lantarki, waɗanda hukumomi kan daɗe suna dubawa kafin su yarda a kafa turke ko ɗaya. Za mu ɗauki ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, musamman manomin Kangire, a matsayin madubi, domin shi ne ke jiran wuta, kuma ta gonarsa layin zai ratsa.

Yadda Wuta Ke Isowa

Wutar da ake sha a kudancin Jihar Jigawa daga nesa take tasowa. Ana samar da ita a madatsun ruwa irin su Kainji, wadda aka gama a 1968, da Jebba da Shiroro, da kuma tashoshin iskar gas na kudancin ƙasa. Daga nan sai a ɗora ta kan layuka masu ƙarfin bolt dubu 330 zuwa Mando a Kaduna, ta wuce Kumbotso a Kano. A Kumbotso ake rage ƙarfinta zuwa bolt dubu 132 a tura ta wurare irin su Dutse da Haɗejia, sa'an nan a sake ragewa kafin ta shiga garuruwa. Tun 2013, sa'ad da aka sayar da kamfanonin da suka gaji NEPA, raba wuta ga gidaje a Kano da Katsina da Jigawa yana hannun KEDCO, amma dakonta a kan manyan layuka ya saura a hannun kamfanin gwamnatin tarayya, watau TCN.

Illar dogaro da hanya ƙwaya ɗaya ko biyu ta bayyana a watan Oktoba na 2024. An lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sai kuma layin da ya taso daga Inugu ta Makurɗi ya sami matsala, yawancin jihohin Arewa suka zauna cikin duhu fiye da mako guda. Masu injin niƙa da masu walda da masu sayar da ƙanƙara duk sun ji a jikinsu. Maganin irin wannan shi ne ƙarin layuka, ta yadda in ɗaya ya faɗi wani zai ɗauki nauyin. To, me ke hana a gina su da wuri? Rashin kuɗi yana ciki, amma jiran hukuma ma yana da nasa rabo.

Ƙofofin da Aiki Ke Bi

Kafin a ja babban layi akwai ƙofofi uku da tilas a bi. Ta farko ita ce ta hukumar da ke sa ido kan harkar wuta, NERC, wadda aka kafa bisa dokar 2005. Ita ke ba da lasisi, ita kuma ke duba ko kuɗin da za a kashe ya cancanci a ɗora wa masu biyan kuɗin wuta. Ta biyu ita ce ta Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, bisa dokar soja mai lamba 86 ta 1992, wadda ta wajabta a binciki abin da babban aiki zai jawo wa ƙasa da ruwa da itatuwa da mutane. Ta uku ita ce ta fili. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, shi ne zai karɓi fili domin amfanin jama'a, a biya diyyar gini da shuka da itatuwa.

Wannan ƙofa ta uku ita ce ta fi taɓa talaka. Layi mai bolt dubu 132 yana bukatar hanya mai faɗin mita 30, mai bolt dubu 330 kuwa mita 50, kuma ba a yarda da gini ko dogon itace a cikinta ba. In muka yi lissafi, kowace kilomita ɗaya ta layin farko za ta ci kadada 3, ta na biyun kadada 5. A ƙasa irin ta Kangire, inda ake cin moriyar ɗorawa da tsamiya da kuka da mangwaron da ke cikin gona, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Inda Wa'adi Yake da Inda Babu

Ba za a ce dokokinmu ba su san wa'adi ba. Dokar 2005 ta ba NERC wata shida ta yanke hukunci a kan mai neman lasisi, daga ranar da takardunsa suka cika. Bugu da ƙari, a watan Mayu na 2017 Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya sa hannu a wani umarni da ya ce kowace ma'aikata ta bayyana kwanakin da take ɗauka kafin ta ba da izini, in kuwa kwanakin suka wuce ba ta ce uffan ba, to a ɗauka ta yarda. A 2023 aka mayar da wannan ƙa'ida doka.

Amma mu dubi abin ta wajen manomi. Rahoton binciken muhalli akan ajiye shi a ofis kwanakin aiki 21 domin mai ƙorafi ya zo ya karanta. Rahoton da Turanci yake, kuma mai kauri ne. In kwanakin suka faɗo lokacin noman farko ko lokacin girbi, wa zai bar gona ya tafi sakatariyar ƙaramar hukuma karatu? Wannan wa'adi ya ɗaure manomi tamau. Daga ɗaya ɓangaren kuwa, sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 ya ce a biya diyya cikin hanzari, amma bai faɗi kwana nawa ne hanzarin ba.

Alal misali, a ce 'yan safiyo sun zo sun kafa alama a gonar wani magidanci, sun ƙirga itatuwansa, sun rubuta sunansa, sun tafi. Daga ranar nan gonar ta zama tasa kuma ba tasa ba. Ba zai dasa mangwaro ba, ba zai gina wa ɗansa ɗaki a gefenta ba, mai saye ko mai karɓar jingina ma zai ja da baya. In aka yi shekara huɗu ko biyar fayil yana yawo daga tebur zuwa tebur, kuɗin da aka ƙiyasta masa sun riga sun zube, domin farashin buhun gero ba ya jiran sa hannun kowa. Ya yi jiran gawon shanu ke nan, ba wuta, ba diyya, ba sakewa a gona. Shi ma ɗan kwangila farashin ƙarfe da waya ya tashi, sai a sake ƙiyasin aiki, a koma baya.

Abin da Wasu Ƙasashe Suka Yi

Wannan ciwo ba namu ne kaɗai ba. A Amurka akwai layin SunZia, mai tsawon mil 550, tsakanin jihohin Niu Meziko da Arizona. An fara shirinsa a 2006, amma ba a soma gini ba sai 2023, yawancin shekarun nan kuwa neman izini ne ya cinye su. A wannan shekara ta 2023 majalisarsu ta gyara dokar muhalli, ta ce babban bincike kada ya wuce shekara 2, ƙarami kuma shekara 1. Tarayyar Turai tun 2013 ta yanke wa manyan layukan da ke haɗa ƙasashenta shekara uku da rabi, ta kuma ce kowace ƙasa ta ware hukuma guda da za ta haɗa kan sauran. Hikimar da ke ciki ita ce a san wanda za a tuhuma in rana ta wuce.

Hatsarin Gaggawa

Duk da haka, sauri kan haifi nawa. Ƙa'idar nan ta cewa shiru yarda ne ta dace da rajistar kamfani ko takardar shigo da kaya, domin in an yi kuskure ana iya sokewa. Babban layi kuwa in an kafa shi ya kafu ke nan shekaru masu yawa. In ya bi ta kan maƙabarta, ko burtali, ko fadamar da gari ke noman rani, don kawai wani jami'i ya yi barci a kan fayil, to an hukunta jama'a da laifin da ba nasu ba. Har ila yau, wa'adi ba ya aiki in hukuma ba ta da isassun injiniyoyi da motar zuwa daji. Abin da zai faru shi ne a sa hannu ba a je an gani ba, rigimar da aka guje wa a ofis ta dawo a kotu ko a bakin gona.

Kammalawa

A ganinmu wa'adi mai amfani shi ne wanda ya ɗaure kowa. A sa wa kowace hukuma ranar da za ta ce i ko a'a tare da dalili, hukumomin kuma su yi aikinsu a lokaci guda maimakon wannan ta jira waccan. In ranar ta wuce, maganar ta hau zuwa na gaba, a kuma bayyana wa jama'a ofishin da ya riƙe ta. A sa wa diyya tata rana, in an saɓa a sake ƙiyasi da farashin yau, ko a cire alamar a sakar wa mutum gonarsa. Kwanakin jin ƙorafi kuwa a kauce wa damina da kaka, a fassara gundarin rahoton da Hausa da Fulatanci, a sanar ta rediyo da bakin dagatai da masu unguwanni.

Gyaran tsarin mulki da sabuwar dokar wuta na 2023 sun ba jihohi ikon tsara harkar wutar da ke cikin iyakarsu. Saboda haka wannan magana ta matso kusa, ba ta Abuja kaɗai ba ce, ta Dutse ce ma. Ya rage ga ɗalibai da malamai, musamman mu masu nazarin harshe, mu taimaka wajen mayar da waɗannan dokoki cikin harshen da mai gona zai ji, domin ya san ranar da ake binsa da ranar da shi ma yake bi. Allah ya sa mu dace.