Lissafin Al'ada Ba Na Ibada Kaɗai Ba Ne

Akwai wata tela a unguwarmu da kowa ya yarda da hannunta, amma an sha yi mata ƙorafin saɓa alkawari. Za ta karɓi ɗinkin anko kala goma, ta ce a zo ranar Alhamis, a zo a tarar da ita kwance a kan tabarma ta dafe mara, keke a rufe. Wata rana na tambaye ta ko ta san lokacin da za ta yi fashin salla a wata mai zuwa. Nan take ta faɗa mini, har da ranar da take sa ran yin wankan tsarki. Na ce, "To Yaya, me ya sa kike yanka wa mutane rana a daidai waɗannan kwanaki?" Ta yi shiru, sannan ta ce ita ba ta taɓa haɗa lissafin biyu wuri ɗaya ba.

Ba ita kaɗai ba ce. Yawancinmu tun muna Islamiyya aka koya mana ƙirga kwanaki. Wadda ta karanta Ahalari ko Risala ta san cewa a mazhabar Malikiyya mai farawa ba ta wuce kwana 15, wadda ta saba kuma tana ƙara kwana 3 a kan al'adarta idan jini bai ɗauke ba, matuƙar ba ta haura 15 ɗin ba. Mun iya wannan lissafi saboda salla da azumi. Abin da nake kira gare shi shi ne mu miƙa shi ya game watan gaba ɗaya, ya shiga cikin yadda muke tsara wanki da daka, da sana'a, da karatu, da aikin ofis.

Likitoci suna fara ƙirga ne daga ranar da jini ya fara zuwa, su tsaya a jajiberin zuwansa na gaba. A wurin mace baliga wannan zagaye yakan ɗauki kwana 21 zuwa 35. Kwana 28 da ake yawan faɗa matsakaici ne kawai, mata da yawa ba su taɓa dacewa da shi daidai ba, kuma lafiyarsu ƙalau. Yarinyar da ta fara al'ada ba da jimawa ba nata yakan yi tsalle-tsalle na 'yan shekaru kafin ya zauna. Jinin kansa yakan yi kwana 2 zuwa 7.

A tsawon wannan zagaye sinadarai biyu ne suke karɓa-karɓa a jiki. Na farko, istirojin, yana ƙasa sosai a kwanakin jini, sannan ya riƙa hawa har ya kai ƙololuwa gab da fitar ƙwai. Ƙwan yakan fita ne kimanin kwana 14 kafin al'ada ta gaba, ba lallai a rana ta 14 da fara jini ba. Daga nan na biyun, furojestaron, ya karɓi ragama, ya gyara shimfiɗar mahaifa ko da ciki zai shiga, ya kuma ɗan ɗaga zafin jiki da abin da bai wuce rabin digiri ba. Idan ciki bai shiga ba, duka biyun sai su sauka, shimfiɗar ta saki. Saukar tasu ce take zuwa wa mata da yawa da ciwon nono, kumburin ciki, ciwon kai, saurin fushi, kwaɗayin zaƙi da rashin barci mai daɗi. Wadda ta taɓa yin waɗannan kwanaki a tsakiyar zafin Afrilu, ba wuta ba fanka, ta san abin da nake faɗa. Ciwon mara kuwa wani sinadari ne daban yake kawo shi, furostagilandin, wanda ke sa mahaifa ta matse don ta fitar da jini. Shi ya sa ciwon ya fi tsanani a rana ta farko da ta biyu, wani lokaci har da amai ko gudawa.

A nan ne nake so a yi hattara. Wata Ba'amurkiya mai suna Alisa Vitti ta yayata tsarin raba wata gida huɗu, kuma yanzu ya cika intanet: wai wannan mako na ƙirƙira ne, wancan na yin jawabi a gaban jama'a, wancan na ƙarasa ayyuka, na ƙarshe na kwanciya. Har ana tsara abin da za a ci a kowane mako. Tsarin yana da ban sha'awa, amma hujjarsa ta kimiyya ba ta kai yadda ake zuzuta shi ba. A 2020 masana suka tattara binciken da aka yi a kan motsa jiki da al'ada, suka ga bambancin ƙarfi tsakanin kwanakin wata ɗan kaɗan ne ƙwarai, suka ba da shawarar kowace mace ta bi abin da ta lura da shi a jikinta. Binciken da aka yi kan ƙwaƙwalwa ma bai tabbatar da cewa basirar mace ko riƙe karatunta yana raguwa a wani sashe na wata ba. Wannan magana tana da muhimmanci a wurinmu, domin ba mu rasa masu neman dalilin cewa kada a ba mace shugabanci ko riƙon kuɗi ba. Abin da ke rage aiki ciwo ne, da gajiya, da ƙarancin barci, da ƙarancin jini, kuma kowannensu akwai abin da za a yi a kai.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Don haka ki sami ƙaramin littafi ko kalandar bango, ko manhajar waya idan kin fi sabawa da ita. Ki yi alama a ranar da jini ya fara da ranar da ya ɗauke. Kowane dare ki rubuta kalma biyu ko uku: ciwo, kasala, ƙarfi, fushi, barci. Wadda ba ta rubutun boko ta yi da ajami, ko ta yi zane da ɗigo, ma'anar dai ita ta gane. Bayan wata uku za ki fara ganin abin da ke maimaita kansa. Wata za ta ga ranar farko ce kaɗai take kayar da ita. Wata kuma za ta ga jinin bai dame ta ba, kwana huɗun da ke gabansa ne take jin duniya ta yi mata zafi. Akwai wadda za ta duba ta ga babu wani bambanci, kuma ita ba ta da buƙatar canza komai.

Idan kin gano kwanakinki masu nauyi, sai ki duba ayyukan wata ki ware waɗanda za su iya matsawa. Babban wanki na barguna da labule yana matsawa. Haka surfe, da kai niƙa, da suyar manja ko ƙuli-ƙuli na sari, da zuwa kasuwa sayen kayan wata, da ziyarar dangi mai nisa. Ba a fafe gora ranar tafiya: ana saura kwana uku ko huɗu ki jajjaga kayan miya ki soya su, ki daka yaji da kuka, ki tanadi ruwa da gawayi ko gas, ki sayi audugar mata ko ki wanke ƙunzugu ki shanya a rana ya bushe sosai. Mai sana'ar abincin biki, ko kitso, ko lalle, ta duba kalandarta kafin ta amsa rana. Idan ranar ba ta ɗaguwa, ta nemi mai taya ta tun da wuri, ta sa kuɗin a cikin ciniki. Ma'aikaciyar ofis ta gama rubutun da ke buƙatar dogon zama kafin kwanakin, ta bar masu sauƙi. Malamar asibiti kan iya yin musayar aikin dare da abokiyar aikinta, wata mai zuwa ta rama mata.

Ramuwar azumi ma tana shiga wannan tsari. Mace nawa ce take bari sai Sha'aban ya kusa ƙarewa ta shiga tsere da kwanaki, al'ada ta zo ta katse mata? Wadda ta san zagayenta za ta zaɓi kwanakin da jikinta ya dawo daidai, musamman a lokacin sanyi da yini bai da tsawo, ta biya bashinta a natse.

Akwai kuma abin da ba ya matsawa. WAEC da NECO da JAMB ba za su ɗaga jarrabawa ba, jariri ba zai daina neman nono ba, damina ba ta jira. A nan shirin na rage ciwon ne. Magunguna irin su ibufurofen suna hana jiki sarrafa wannan sinadari mai matse mahaifa, saboda haka sun fi aiki idan an sha da zarar an ji alamar farko, ba sai ciwo ya kai ga birgima ba. A sha su bayan cin abinci, kuma mai gyambon ciki, ko ciwon ƙoda, ko asma, ko wadda take zargin tana da juna biyu, ta tambayi likita tukuna. Ɗumama mara da gorar ruwan ɗumi da aka naɗe a zane yana taimakawa sosai, haka ɗan tattaki a tsakar gida. Abin da nake roƙo a guje masa shi ne zuwa kemis duk wata a karɓi taramol ko allura mai ƙarfi irin fentazosin. Ta wannan ƙofa mata da dama suka faɗa shaye-shaye ba tare da sun taɓa niyya ba.

Sai batun da na fi damuwa da shi, wato ƙarancin jini. Binciken lafiyar al'umma na Nijeriya na 2018 ya gano kashi 58 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 suna fama da shi. Macen da jininta ya yi ƙasa, duk tsarin da ta yi ba zai hana ta haki a kan ɗan aiki ba, ga jiri, ga bugun zuciya. A matsakaici jinin da ke fita a al'ada ɗaya kimanin cokali biyu zuwa uku ne na cin abinci. Idan kina canza auduga duk awa ɗaya ko biyu, ko gudaji suna fita kamar ɓarin goro, ko jinin yana haura mako, to a je asibiti a auna jini a duba mahaifa, domin ƙarin mahaifa da ake kira faiburoid ya yawaita a cikin baƙar fata. Hanta, nama, wake, zogale da alayyahu suna gina jini, kuma lemo ko gwaba suna taimaka wa jiki ya tsotsi ƙarfen da ke cikinsu. Shayi kuwa yana hana hakan, don haka a ba shi tazarar awa ɗaya ko biyu da abinci.

Ciwon da ke hana ki tashi duk wata, wanda magani ba ya taɓa shi, ko yake ƙaruwa shekara bayan shekara, shi ma bai kamata a yi ta haƙuri da shi ana cewa sai an yi aure ko an haihu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa tana da cutar endometiriyosis, inda nama mai kama da shimfiɗar mahaifa yake tsirowa a wajenta. Haka wadda baƙin ciki mai tsanani yake rufe ta duk wata kafin jini, ya yaye bayan jinin ya zo, tana da lalurar da likitoci suka sani kuma suke yi wa magani. Littafin nan naki na wata uku shi ne zai fi taimaka wa likita. Sai dai kada ki mayar da shi hanyar tazarar haihuwa ba tare da an koya miki ba, domin maniyyi yana iya rayuwa har kwana 5 a jikin mace, ƙwai kuma yakan yi gaggawa ko jinkiri. Mai shayarwa, da mai allura ko ashanar hannu, da wadda al'adarta ta kusa ɗaukewa, lissafinsu ba zai zauna kamar na saura ba.

Duk wannan shiri ba zai yi nisa ba idan mutanen da ke kewaye da mace ba su ba ta dama ba. A ƙasar Holan an tambayi mata fiye da 32,000, aka wallafa sakamakon a 2019. Kusan kashi 14 cikin 100 ne suke fashin aiki ko makaranta saboda al'ada, amma sama da kashi 80 suna zuwa ne cikin ciwo, aikin bai tafiya yadda ya kamata, har asarar ta kai kusan kwana 9 a shekara ga kowace mace. Daga cikin masu fashin, 1 cikin 5 ce kawai ta iya faɗin ainihin dalili. Idan haka abin yake a can, to ina ga inda kunya ta sa ko sunan abin ba ma kamawa, sai dai mu ce baƙon wata? Japan ta sa hutun al'ada a dokar ƙwadago tun 1947, Zambiya tana ba ma'aikaciya kwana ɗaya duk wata, Sifen ta bi sahu a 2023. Kafin irin wannan doka ta zo mana, shugaban ma'aikata zai iya yarda a yi musayar aiki ba tare da dogon titsiye ba. Shugabar makaranta za ta iya tabbatar da ruwa da banɗaki mai ƙofa, ta ajiye auduga a ofis. Maigida, kai ne ka fi kowa sanin kwanakin nan. Kada ka gayyato baƙi a ranar da ka san ba ta iya miƙewa. Sayo abinci ko kai yara makaranta na kwana biyu ba zai rage maka komai ba. Abokiyar zama ko faccala da ta karɓi tukunya yau, ita ma za a karɓar mata a nata lokacin.

Telar nan ta unguwarmu yanzu akwai kalanda rataye a gefen kekenta, da jan biro ɗaure da zare. Makon jiya na kai mata atamfa, ta ɗaga kai ta ƙirga da yatsa, ta ce, "Ƙanwata, ba wannan Larabar ba, ta sama." Ranar da ta faɗa na je, na tarar an goge an ninke.