Kwana Goma na Direba: Haƙƙin Ƙalubalantar Dakatar da Lasisi a Kalifoniya

Yau muna jihar Kalifoniya ta Amurka, inda tun 1990 doka ta ba ɗan sanda ikon karɓe lasisin direba nan take idan gwaji ya nuna barasa a jininsa ta kai kashi 0.08 cikin ɗari. Ana ba shi takardar wucin gadi ta kwana 30, kuma kwana 10 kacal gare shi ya nemi hukumar lasisi ta DMV ta saurare shi. Idan ya yi sake, a laifin farko za a dakatar da lasisinsa na wata huɗu, tun kafin kotu ta ce uffan.

Wannan damar sauraro ita ce ke sa jama'a su amince da hukuncin. A zaman, abu uku ake tambaya: shin ɗan sandan yana da dalilin zarginsa, shin kamun ya bi doka, shin ma'aunin ya kai haddi? Na'ura tana kuskure, mai riƙe da ita ma yana yi. A jihar Masachusets, babbar kotu ta buɗe wa mutum kusan 27,000 ƙofar neman sake shari'a a 2023, saboda an ɓoye bayanan matsalar na'urorin gwajin numfashi. A Kalifoniya kuma, kotun ɗaukaka ƙara ta hana a 2022 jami'i ɗaya ya zama mai gabatar da ƙara kuma alƙali a zaman sauraron DMV.

Wani zai ce, ina ruwanmu da haƙƙin mashayi, alhali tuƙi cikin maye ya kashe fiye da mutum 13,000 a Amurka a 2022? Magana ce mai nauyi, domin rai ya fi lasisi. Shi ya sa Kotun Ƙolin Amurka ta yarda a 1979 a dakatar da lasisin wanda ya ƙi gwaji nan take, muddin za a saurare shi da gaggawa. Sai dai ita ce ta faɗa a 1971 cewa lasisi hanyar abincin mutum ce, ba a ƙwace shi haka kawai. Hujja mai ƙarfi ba ta tsoron tambaya: mai laifi zai rasa lasisinsa bayan an saurare shi, wanda aka zalunta kuma zai koma bakin aikinsa.